Ƙafa Mai Kiɗa: Sana'ar Koyar da Rawar Koroso

Mai koyar da koroso da tsintsiya yake fara aiki. Da an idar da sallar la'asar, kafin yara su hallara, za ka same shi sunkuye a filin bayan makarantar firamare ko a wani fili a gefen gari, yana share tsakuwa, yana tsince ƙaya da fasasshiyar kwalba. In ƙasar ta yi tauri ya sa a ɗebo rairayi a baro a baza, in ƙura ta yi yawa a yayyafa ruwa. Yaran da ke tafe ba da takalmi za su yi rawar ba, kuma wasunsu sai sun sha sauka da ka kafin su iya sauka da ƙafa. Wannan filin shi ne ajinsa. Babu madubi, babu daɓen katako, babu rajista. Katangarsa ɗaya ita ce 'yan kallo, waɗanda ba a gayyata amma ba sa fashi.

A garuruwan kudancin Kano, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, da wuya ka ga an kafa allo a ƙofar wani gida an rubuta cewa nan makarantar rawa ce. Amma duk yaron da ka ga ya cashe a bikin yaye ɗalibai, ko ya yi alkafura uku a jere a ƙofar gidan hakimi ranar Sallah, akwai wanda ya sha rana da shi. Galibi tsohon ɗan rawa ne da gwiwa ta fara yi wa gardama. Da damina manomi ne, da rani wataƙila tela ko ɗan acaɓa. Wani kuma malamin firamare ne da hedimasta ya ɗora wa kula da wasannin gargajiya, don an san ya taɓa takawa da ƙuruciya. Yara na ce masa Maigida, ko Oga, ko Malam in a makaranta ne. Shi kuwa “yarana” kawai yake cewa.

Sunan rawar daga ƙafa ya fito. Koroso shi ne abin kacau-kacau ɗin nan da ɗan rawa ke ɗaurawa daga ƙwauri zuwa idon sawu, mai amsawa duk sanda ƙafa ta taɓa ƙasa. Wanda ya saba kallon fina-finan Indiya ya san ɗan'uwansa, don su ma masu rawar gargajiyarsu ƙananan ƙararrawa suke ɗaurawa a sawu. Wannan ɗan abin shi ya sa koyar da koroso ta zama aiki mai zaman kansa. A wata rawar, in ka kuskure taku ɗaya sai mai ido ne zai gane, shi ma sai in kai yake kallo. A koroso kuwa ƙafarka na cikin kayan kiɗa. Yara goma sha biyu in suka taka tare, sauti ɗaya ake ji, kamar an girgiza buhun busasshiyar gyaɗa sau ɗaya. Ɗaya ya makara, ko makaho ya san an yi ɓari.

Ni da kaina na sha wannan darasi. Ina aji huɗu a wata firamare a ƙasar Kiru aka zaɓe mu mu yi wa manyan baƙi rawa ranar rabon sakamako. Sati uku malaminmu bai bar mu mun taɓa koroso ba, daga tafi sai taku, ƙafa ba komai. Ran da ya kwance bakin buhu ya rarraba mana, ji muka yi kamar an naɗa mu sarauta. Shi yake bi yana ɗaura wa kowa, yana zura yatsa tsakanin igiya da fata, kada ta matse ta hana jini gudu, kada kuma ta yi sako-sako. Ranar biki ɗoki ya hana ni jiran layi, na ɗaura nawa da kaina. Ana cikin juyi na biyu na hagun ya kwance, ya yi sama, ya dira gaban teburin baƙi. Haka na ƙarasa rawar da ƙafa ɗaya mai magana, ɗaya bebiya, jama'a na ta ƙyaƙyata dariya. Da aka tashi na gama sallamawa bulala zan sha. Sai malam ya tsuguna daidai tsayina ya ce, “Kai ɗan nan, ka ji abin da ka yi?” Bai ce ka gani ba. Sai da na girma na gane a wannan tambayar ya dunƙule sana'arsa gaba ɗaya.

A da babu mai buƙatar a ware masa malamin rawa, domin gari duka makaranta ne. Da farin wata 'yan mata na fita dandali a yi gaɗa, mai kalangu ya zo ya tsaya a tsakiya, ƙanana na bakin da'ira suna kwaikwayon yayyensu har ƙafa ta faɗa. Samari na da sarkinsu, suna da takai da ake yi da 'yan sanduna, sanda na haɗuwa da sanda bisa kiɗa. In kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, a yi kalankuwa, ƙauye ya gayyaci ƙauye. 'Yan hoto na cilla galma sama su cafe, 'yan tauri da maharba kowa da kiɗansa, Fulanin rugagen kewayen dajin Falgore na da sarewarsu da shagalin sharo. Baba mutuniyar Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa, yamma da Kiru, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin irin wannan ƙuruciya lokacin da take faɗa mata tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka kuma buga shi littafi a 1954. Wanda ya karanta zai tarar da makaɗa da rawar 'yan mata a kowane lungu na rayuwar ƙauye, a kasuwa, a biki, a suna.

Dandali bai mutu rana ɗaya ba. Boko ta ɗauki safiya, Islamiyya ta ɗauki yamma, karatun dare da gidan kallon ƙwallo suka raba dare. Wa'azi ya yi ƙarfi a kan cakuɗuwar samari da 'yan mata. Ko ranin da a da yake lokacin hutu da shagali, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a wuraren da ruwa ke kaiwa ya zama wata daminar, yaro na can yana ban ruwa. Sai rawa ta tashi daga abin da kowa ke tsinta a hanya, ta koma abin da sai an je an koya.

A daidai wannan zamani ne kuma gwamnati ta shigo fage. An ƙirƙiri jihar Kano a 1967, Audu Bako na gwamna. Daga 1970 aka fara bikin nuna al'adu na ƙasa, inda kowace jiha ke kai tawagarta, har aka kai ga bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a Legas a 1977. Rawar dandali ba ta da farko ba ta da ƙarshe, sai an gaji. Ta gaban alƙalan gasa kuwa mintoci ƙidayayyu ake ba ta, dole a san ta inda za a shigo, inda za a juya, da yadda za a fita. Koroso 'yar wannan gyaran ce. An ɗebo daga rawar Fulani da ta Hausawa, aka haɗa da wasan jiki, aka ɗora a kan sarewa da lalajo da duman girke, ta zama rawar da aka san Kano da ita duk inda aka je. Tawagar Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ita ce uwa a wannan fage, mazauninta kuma Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Abin da aka gyara a birni ya sake komawa ƙauye ta talabijin da kaset da tsofaffin 'yan rawa, ya tarar da ƙafafun da dama can daga wurinsu aka aro shi.

Sabon yaro da aike yake farawa. Shi ne ɗaukar buhun kaya, shi ne ɗebo ruwa, shi ne gadin takalman manya. Maigida na sane, so yake kunnen yaron ya jiƙu da kiɗan tun kafin ƙafarsa ta shiga. Bayan nan sai tafi: a zauna a da'ira, mai ganga ya buga a amsa da hannu, ya sauya a sauya. Wanda hannunsa ya kasa bin kiɗa, ƙafarsa ba za ta bi ba. Daga nan a miƙe a shiga taku, gwiwa a sassauce, ƙugu ƙasa-ƙasa, nauyin jiki a gaban tafin ƙafa, dunduniya na hutawa. Ran da babu makaɗi, Maigida da baki yake kiɗan, ko ya kifa bokiti ya sami kara biyu. Sai taku ya zauna sannan ake ɗaura koroso, domin wanda aka ɗaura wa da wuri daɗin ƙarar ke ɗauke masa hankali, ya yi ta dukan ƙasa don ya ji kansa, ya manta da sauran.

A nan ne za ka ga abin da ya fi ba ni sha'awa a sana'ar. In layi ya kankama, gwanin mai koyarwa yakan juya wa yaran ƙeya, ya harɗe hannu a baya, ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Can sai ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak. “Na uku daga hagu, ƙafarka ta dama tana makara. Kai kuma na ƙarshe, ina za ka da wannan saurin, bashi ake bin ka?” A kwashe da dariya, a koma farko. Kalmomin aikinsa ba su da yawa: taka, sassauta, ɗago, juya, riƙe shi, a sake. Ta ƙarshen nan ita ya fi faɗa, har yara kan laƙaba masa ita a bayan ido.

Koroso bibbiyu ake yin ta, haɗa abokan rawa kuma wani ilimi ne daban. Tsayi kaɗan ne daga abin da ake dubawa. Mai rawar kai a haɗa shi da mai sanyi, mai ƙarfin kafaɗa da mara nauyi, kuma ba a haɗa masu 'yar tsama, don wanda zai kifa da ka a bayan wani sai ya amince ba za a sake shi ba. Kowane biyu na da lokacin da za su fito tsakiya su nuna abin da suka ƙware a kai, su nemi shafe waɗanda suka riga su: alkafura gaba da baya, tafiya da hannu, gantsarewa har ƙeya ta nemi dunduniya, ɗaya ya haye kafaɗar ɗaya, ko su sarƙe su mirgina kamar taya. Wannan ɓangaren shi ke tara jama'a, shi ke jawo liƙi, shi ne kuma dalilin da ya sa ake son yaro tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hatsarin ma a nan yake. Mai koyarwa na ƙwarai ba ya barin yaro ya yi alkafurar baya shi kaɗai sai ya yi ta sau ba adadi a kan rairayi, hannun Maigida na tallafe da ƙugunsa. Kullum tallafin na raguwa, daga hannu biyu zuwa ɗaya, daga ɗaya zuwa yatsa, har ran da yaro zai dira ya waiwayo ya ga ashe ko taɓa shi ba a yi ba. Ba a shiga wasan jiki da sanyin gaɓɓai, sai an yi gudu an miƙe jijiyoyi, balle da hunturu. Targaɗe ba ya ƙarewa, shi ya sa ba a rasa man kaɗanya ko man zafi a buhun kaya, kuma kowane Maigida ya san ƙofar maɗorin garinsu. Amma wanda ya san abin da yake yi, in yaro ya faɗi da ka ko ya ce wuyansa, ba ya tsayawa murza, asibiti ake nufa. Wanda kwaɗayin liƙi ya sa ya tura ɗan mutane yin abin da bai ƙware ba, ran da tsautsayi ya faɗa, da sana'arsa da ta takwaransa na garin gaba duka ya kashe.

Domin kuwa jarin wannan sana'a yardar iyaye ce. Bahaushe na son kiɗa, amma ba ya son a ce ɗansa makaɗi ne in ba gadon gida ba, rawa kuwa ta fi kiɗa shan suka. Don haka Maigida ba ya ɗaukar yaro a titi. Yakan sa hula ya je zaure ya yi sallama, a gaisa, a tambayi gona da iyali, sannan ya kawo maganar. Sharuɗɗan uba ba sa wuce waɗannan: kada ya rasa Islamiyya, kada magariba ta yi masa a waje, kada a kai shi inda ake shaye-shaye, kada a kwana da shi a wani gari. In an daidaita uban ya ce, “To Malam, ga amana nan,” shi kuma ya amsa, “Allah ya ba mu ikon riƙewa, Baba.” Daga ranar, in yaron ya yi fashin makaranta Maigida ake fara tambaya. Hukuncin da ya fi bulala zafi a wurin yaran shi ne a ce ka zauna a benci ran wasa, kana kallo wani ya ɗaura korosonka.

Maganar 'yan mata ta fi wuya. Yadda aka san koroso a fagen gasa, mace da namiji ke fitowa tare. Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, aka kuma kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, ido ya ƙara buɗewa a kan duk wasan da ke haɗa maza da mata, a ƙauye kuwa tun kafin hukuma bakin mutane ya isa. Da yawa sai su raba: maza su yi koroso da wasan jiki, ƙananan 'yan mata su yi gaɗa da rawar ƙwarya irin ta Fulani a hannun malama, cikin harabar makaranta, da shigar da ta rufe jiki. Da yarinya ta fara tasawa takan ajiye, komai gwanintarta. Malamai mata masu wannan aiki sun fi kowa sanin zafin rasa ɗaliba daidai lokacin da ta iya.

Kuɗin fa? A Turai da Amurka, har ma da wasu unguwannin Legas da Abuja, iyaye ne ke biyan kuɗin wata don a koya wa 'ya'yansu rawa a ɗaki mai madubi bango guda. A nan abin a juye yake: ba a biyan kuɗin koyo, yaron ne ma ke komawa gida da ɗan na sabulu. Abincin sana'ar daga gayyata yake fitowa. Mai biki ko makaranta ko ɗan siyasa ya aiko, a yi jinga, a ba da kafin alƙalami, a yi maganar mota da abinci. Liƙi kuwa rabo ne, wata rana ya fi jingar, wata rana a tashi da ƙura kawai. In an dawo a zube a tabarma a gaban kowa. A fara cire na mota da na gyaran kaya, don fatar ganga na fashewa, igiyar koroso na tsinkewa, yara na girma su fi ƙarfin rigunansu. Sannan makaɗa, sannan manyan 'yan rawa, sannan ƙanana. Mai hankali yakan aika wa mahaifiyar ƙaramin yaro da kasonsa. Rabon da aka yi a ƙuryar ɗaki ya fi rashin gwaninta watsa ƙungiya.

Kasuwar kuma da lokacinta. Da damina fili kan koma gona, yaran ma suna can. Da azumi a rataye ganga, a bar wa 'yan tashe gari. Samu na zuwa ne da Sallah, da ƙarshen zangon karatu, da ranar yara ta 27 ga Mayu, uwa uba da kaka, in masara da shinkafa da rake sun shiga kasuwa, aljihu ya yi nauyi, aka shiga ɗaurin aure. Gayyata mai nisa ma sai an auna ta. Wanda zai bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa su Riruwai, da 'ya'yan mutane cike da mota, lissafinsa na farko shi ne ya dawo da sauran rana.

Babbar kishiyar sana'ar a yau lasifika ce. Tun da fiyano ta shiga fina-finan Hausa, irin su Sangaya na 1999 suka nuna akwati ɗaya na iya kwaikwayon sarewa da ganga, mai biki ya gane DJ ɗaya da janareta ya fi masa arha a kan makaɗa biyar da yara goma sha biyu masu cin abinci. Wasu masu koyarwa sun bi, tunda in kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take: su sa kiɗan a waya, su jona da lasifika, a yi atisaye. Yana rage wahala, amma akwai abin da yake ci. Makaɗi yana kallon ƙafar yaro, in ya ga ya gaji ya sassauta, in ya ga ya hau ya ƙara masa wuta. Waya ba ta san wanda ya faɗi ba.

Wayar dai tana da ranarta. A 2020 wani ɗan bidiyo na Anthony Madu, yaro ɗan shekara 11, yana rawar bale ba takalmi cikin ruwan sama a Legas, ya zaga duniya, daga baya ya kai shi makarantar rawa a Birmingham ta Ingila. Malaminsa, Daniel Ajala, kyauta yake koya wa yaran unguwa. Ƙafar yaran Kiru da Doguwa ba ta fi ta Anthony gajarta ba. Sai dai abin da na lura da shi a bidiyoyin koroso da ake ɗorawa a TikTok, sau da yawa akan shafe sautin wurin a ɗora waƙa a kai. Ana ganin alkafura, ba a jin ƙafa. Yaron da ya koya daga nan zai iya tsalle ya burge, amma a sa shi a layi da mutum goma sha ɗaya, a juya masa ƙeya, nan take asiri zai tonu.

Shi ya sa har yanzu mutumin nan mai tsintsiya bai rasa aiki ba. Yawancin yaransa ba za su ci abinci da rawa ba, shi ma ya sani. Nan da 'yan shekaru wannan na tsaron shago a Kano, wancan na tuƙa mota, wani na riƙe da alli a aji. Bai hana gobe ya sake share filin ba.

Da ladan ya gyara murya kiɗa ke tsayawa, ko ana tsakiyar juyi. Yara su zube a ƙasa suna haki, kowa ya kwance nasa, a ƙirga, a mayar buhu, sabon yaro ya saɓa a kafaɗa. Fili ya yi tsit, ƙura na sauka. Maigida yakan tsaya sai ya ga kowa ya kama hanyar gida, kuma in ka bi idonsa za ka ga ya bar manyan sun wuce. Ƙaramin nan mai ɗaukar buhu yake kallo, wanda ko sau ɗaya ba a taɓa ɗaura masa ba, yana tafe a baya, kaya na kacau-kacau a gadon bayansa, ƙafarsa kuma, ba tare da ya sani ba, tana faɗawa daidai. Gobe za a ce ya ajiye buhun ya shigo da'irar tafi.